Kitson da Ummi Ta Hana a Tsefe

Hassana mai kitso ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, a farkon damina, aka kai ta makwancinta kafin la'asar. Jiri ne ya kwashe ta a bakin famfo, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. 'Yarta Ummi, mai shekara bakwai, tana makaranta a lokacin. Da aka tashi, ƙanwar babanta ce ta je ta ɗauke ta, ba ta kawo ta gida Dutse Uku ba, ta wuce da ita gidanta a unguwar Rikkos. A can yarinyar ta zauna har aka yi addu'ar bakwai, aka naɗe tabarmi, aka mayar da kujerun haya. Da ta dawo ta tambayi Mamanta, sai aka ce mata ta tafi Kano sayo kayan kitso.

Ranar da na ji abin da aka gaya wa yarinyar, sai da na zauna a ƙasa a gaban tiren dankalina. Duk garin Jos babu wadda bai kamata a yi wa 'yarta haka ba kamar Hassana. Ni Kaneng na fi kowa sanin dalili, domin tun muna aji uku a firamare muke zama benci ɗaya, ni daga Anguwan Rukuba, ita daga Dutse Uku.

Kakanta haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, bai sake komawa garinsu ba. Su biyu aka haifa, ita da Hussaina. Suna da shekara shida, wata rana zazzaɓi ya kwantar da Hassana, Hussaina ta bi yara wanki wani kududdufi da masu kuza suka bari a bayan gari, ruwa ya cinye ta. Kakarsu ta ce kada a kuskura a gaya wa wadda ta rage, wai idan ɗan tagwaye ya ji ɗan'uwansa ya mutu, binsa yake yi. Sai aka ce wa Hassana gwaggo ta tafi da Hussaina Zariya, za ta dawo da sallah.

Lokacin da na san ta, komai ta samu sai ta raba biyu. Masa, rake, alawa, har fensir sai ta karya. Rabin Hussaina tana ajiye shi a cikin wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Abincin ya ruɓe, mahaifiyarta ta zubar ta wanke gwangwanin ta mayar. Kowace sallah Hassana takan sa sabon kaya ta zauna a bakin titi tana duban motoci. Ni ma nakan kawo mata gyaɗa daga gidanmu in ce ta ajiye wa Hussaina, don ban san komai ba.

Muna aji huɗu aka yi faɗan layi a famfo. Wata yarinya da ta girme mu, da ta ga Hassana ta fi ta baki, sai ta ce mata ta je ta nemo 'yar'uwarta a ƙarƙashin ruwa. Ina tsaye kusa da ita. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye bokitin ta kama hanyar gida, ni na ɗauko mata shi. Daga nan ta daina cin abinci, ta daina magana da uwarta, aka ce aljanu ne, aka yi ta ba ta rubutu. Sai da muka girma ta gaya mini cewa ba mutuwar Hussaina ce ta fi yi mata ciwo ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, duk gidan da duk layin sun sani, suna kallon ta tana raba masa biyu.

Ba ta wuce aji shida ba, ni ma haka. Ta koyi kitso wurin wata maƙwabciyarsu, ni na bi uwata kasuwa. Gajeriya ce, mai dariya da ƙarfi, idan ta yi dariya a Dutse Uku nakan ce mata mun ji a Anguwan Rukuba. Tana kirana Madam Kabeji, ina kiranta Hajiya ba Makka. A wurinta na gyara Hausata, don ba ta barin kuskurena ya wuce ba ta tsokane ni ba. Da Kirsimeti ita ce ke taya ni suyar cincin, da sallah ni ce ke yanka mata albasa. Ta auri Gwadabe, direban keke napep, mutum mai shiru-shiru wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sun daɗe ba haihuwa, har sun fitar da rai, sannan Allah ya kawo Ummi.

Hannunta ba zafi, shi ya sa iyaye suke kai mata yara. Takan zauna a kan 'yar kujera, yarinya ta zauna a tabarma tsakanin gwiwoyinta, ta juya mata baya, kai a sunkuye. A hankali ta lura cewa yaron da ba ya iya magana idan ana kallon idonsa, da ya juya baya ana taɓa kansa sai bakinsa ya buɗe. Ba ta farawa da tambaya. Sai ta tsaga gashi da kibiya, ta shafa mai, ta yi layi biyu ko uku, sannan ta ce wa yarinyar da ta rasa uba, me Babanki ya fi son ci? Ba ta cewa yara su yi haƙuri. Ta ce manya kan lulluɓa wa yaro kalmar nan ne kamar bargo, don kada su ga fuskarsa.

Ni na ga aikin nan a ɗakina. A rikicin farkon shekarar 2010 mijina Pam ya fita aiki bai dawo ba, sai gawarsa muka samu. 'Yata Klaudiya tana da shekara biyar. Matan coci suka ce mata Baba ya tafi wurin Yesu, ita kuma ta yi ta tambayar yaushe Yesu zai sallame shi. Ni ko bakina ba na iya buɗewa. A kwanakin nan Bahaushiya ba ta shiga unguwarmu, mu ma ba ma shiga tasu. Sai ga Hassana da rana tsaka, ta ari zane da ɗankwali irin namu, ta cusa hijabinta a cikin leda tare da mataji. Na ce mata ta haukace. Ta ce kan Klaudiya ya yi kwana da yawa ba gyara, abin da ya kawo ta ke nan, in matsa in ba ta kujera.

Tana cikin kitso yarinyar ta ce, "Mama Hassana, yaushe Baba zai dawo daga wurin Yesu?"

Hassana ta dube ni. Na gyaɗa kai.

"Ba zai dawo ba, Klaudiya. Ya mutu. An binne shi, Mamanki ta san wurin, za ta kai ki ki gani. Ba laifinki ba ne, kuma ba don ya gaji da ke ba ne."

Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dishe. Hassana ba ta saki gashin ba, ba ta kuma ce ta yi shiru ba. Ta ci gaba da kitso a hankali, layi bayan layi, har kukan ya zama ajiyar zuciya. Yau Klaudiya ta zama budurwa, tana iya maganar babanta tana dariya.

Daga nan labari ya bazu. Da gari ya lafa, sai ta riƙa kai kujerarta kowace Asabar gindin wani mangwaro kusa da mararraba, inda mutanenmu da nasu duk suke iya zuwa ba tsoro. Zawarawa suna kawo mata 'ya'ya, kakanni suna kawo jikoki. Akwai abu ɗaya da ba ta taɓa ƙetarewa ba: ba ta gaya wa yaro mutuwa sai uwa ko uba ko mai riƙonsa ya yarda. Idan sun ƙi, sai ta bi su gida ta yi ta roƙo, ta ba su labarin gwangwanin madara. Wasu su yarda, wasu su daina kawo mata yaran. Kullum kuma tana damuwa da yara maza. Takan ce su aski ake yi musu, kafin yaro ya zauna an gama, sai ka gan shi ya girma a bayan kango yana shan abin da zai mantar da shi.

Sai maganar Ifechi. 'Yar Oga Chima ce, mai sayar da kayan gyaran keke, shekarunta goma sha biyar. Ita ba a ɓoye mata ba, a gabanta uwarta ta cika. Amma tun daga ranar ta zama uwar gida, ita ce girki, ita ce wankan ƙanne, kowa yana yaba mata ƙarfin hali. Wata Asabar, kanta a sunkuye tsakanin gwiwoyin Hassana, ta ce ta gaji da rai, kuma ta daɗe tana tunanin yadda za ta huta. Hassana ta zo wurina a guje. Ta ce wannan ya fi ƙarfin kibiya da mataji, in rufe tire in raka ta.

Muka fara da makarantar yarinyar. Aka nuna mana malamin da aka ce shi ne mai ba ɗalibai shawara. Malamin lissafi ne, mutumin kirki, ya saurare mu a tsaye a baranda don ba shi da ofis. Ya ce sunan kawai aka ɗora masa, ba a taɓa koya masa aikin ba, ga azuzuwa cike suna jiran sa. Ya ce mu je asibiti. Oga Chima da farko ya ƙi. Yana tsoron a ce 'yarsa mahaukaciya ce, ta rasa miji, kuma ya ji ana cewa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa laifi ya yi a doka, kada maganar ta kai ga 'yan sanda. Hassana ta durƙusa masa a gaban shagonsa, a gaban kwastomominsa, sannan ya yarda. Muka yanki kati, muka bi layi. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta ce masu duba irin wannan ciwo a yara ba su da yawa, mutane kuwa daga ko'ina suke zuwa. Ta ba mu rana bayan Kirsimeti, ta ce kafin nan a sa ido a kanta.

An sa ido iya ƙoƙari. Ifechi ba ta kai ranar ba. Ba zan faɗi yadda aka yi ba.

Hassana ba ta sake zama daidai ba. Dariyar ta ragu, ciwon kai ya zo, aka ce hawan jini ne. Bayan wani lokaci wata ƙungiya ta gayyace ta taron bita a otal, na raka ta. Aka ba mu riga da shinkafa, aka ɗauki hoto. Wani ya yi bayanin cewa an sa hannu a sabuwar doka a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma akwai shirin kai taimako makarantu da ƙananan asibitoci. Hassana ta ɗaga hannu ta ce ita ba ta yi karatu ba, tambaya ɗaya gare ta: idan yarinya ta ce mata ta gaji da rai ranar Asabar, ina za ta kai ta a ranar Asabar ɗin? Da aka tashi, matar da ta jagoranci taron ta same mu a waje. Ba ta yi mana ƙarya ba. Ta ce a takarda akwai amsa, amma a unguwa har yanzu babu, ita ma abin yana hana ta sukuni. Muka hau keke muka dawo gida. Asabar ta zagayo ta ɗauki kujerarta ta koma gindin mangwaro.

Kowa ya zo ya sauke mata kayansa, ita ba ta da inda za ta sauke nata. Nakan ce ta kawo kanta in yi mata kitso, ta ce hannun da ya saba da buhun dankali ba zai taɓa gashinta ba, ba ta shirya yin sanƙo ba. Haka za mu yi dariya maganar ta wuce.

Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarta ta yi wa Ummi shuku, kitson makaranta, ta ce mata ita da kanta za ta tsefe shi. To, Ummi ta riƙe maganar nan. Da ta dawo daga Rikkos aka ce Mama tana Kano, sai ta hana kowa taɓa kanta. Gwaggonta ta gwada, ta cije ta. Makonni suka wuce, kitson ya cukurkuɗe, ƙuraje suka fito a ƙeyarta, kan ya fara wari. Idan ta dawo daga makaranta sai ta ɗauki kibiyar uwarta ta zauna a ƙofar gida tana duban kowane keke. Wata rana da yamma aka neme ta aka rasa, sai wani abokin aikin babanta ya gan ta a hanyar tashar Bauchi Road, ita kaɗai, tana tambayar mutane wace mota ce ke zuwa daga Kano.

Da na je gidan washegari na kai mata masa. Ta karɓa ta ce na gode, Anti. Ina kallo ta raba ta biyu, ta shiga ɗaki ta saka rabi a kwanon Hassana ta rufe.

Ban san lokacin da na isa ɗakin Inna ba, mahaifiyar Gwadabe, wadda ita ce ta yanke cewa kada a faɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya haƙuri, sannan na roƙe ta. Inna ba muguwa ba ce. Ta binne 'ya'ya uku da hannunta, kuma tana son Ummi kamar ranta. Ta ce zuciyar yarinya ƙarama ce, ba za ta ɗauka ba, a bari ta ƙara wayo, su ma haka aka yi musu kuma ga su sun rayu. Na ce Inna, haka aka yi wa Hassana. Sai ta ce cikin taushi, 'yar nan, kin yi wa marigayiya zumunci, Allah ya saka miki, amma wannan maganar gidanmu ce.

Gaskiyarta. Ni ba dangi ba ce, ba addininmu ɗaya ba, ba ni da ko tsinke a gidan. Zan iya jan yarinyar gefe in gaya mata, amma Hassana ba ta taɓa yin haka da ɗan kowa ba, ba zan fara a kan 'yarta ba. Na koma gida na rasa abin da ke mini daɗi. Na tuna Ifechi, na tuna kududdufi, na tuna titin tasha da manyan motoci.

Sai na je na tare Gwadabe a inda suke layin keke. Ya rame, idonsa ya faɗa. Na shiga bayan keken na zauna kamar fasinja, shi yana gaba, ya juya mini baya. Ban shirya hakan ba, amma sai ga shi yana magana. Ya ce tun asuba yake barin gida don kada su haɗa ido da Ummi. Kullum ta tambaye shi sai ya ƙara wata ƙaryar a kan ta jiya: mota ta lalace, kaya ba su iso ba. Da ta ce a kira ta a waya, ya ce wayar ta faɗa ruwa. Ya ce bai taɓa saɓa wa Inna ba tun da aka haife shi.

"Bakina ba zai iya ba, Maman Klaudiya. Na gwada. Da na buɗe sai in ga fuskar uwarta."

"Baban Ummi, ba sai ka faɗa ba. Ni zan faɗa. Kai dai ka zauna a wurin, ka ce na yarda. Jiya tasha ta nufa. Gobe ban san ina za ta nufa ba."

Ya daɗe kansa a kan sitiyari. Sannan ya ce in zo ranar Asabar, zai yi wa Inna magana.

Asabar ɗin an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Na tarar Inna ta shiga ɗakinta ta saki labule, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Gwadabe yana zaune a bakin baranda, hannuwansa a tsakanin cinyoyinsa. Na ɗauko kujerar Hassana na shimfiɗa tabarma. Ummi ta dafe kanta da hannu biyu ta ce Mama ce za ta tsefe. Na ce ba tsifa zan yi ba, mai kawai zan shafa mata a kan ƙurajen. Ta yi ta kallona, sannan ta zo ta zauna ta juya mini baya.

Da na ga layukan nan, aikin hannun ƙawata, har yanzu a miƙe duk da dattin da ya rufe su, sai maganar da na shirya ta gudu. Na shafa mai, na sake shafawa. Da na rasa abin cewa sai na tambaye ta me Mama ta fi son ci. Ta ce gwaten acca na gidanku, amma ta ce ke rowar yaji gare ki. Na yi dariya, hawaye na zuba a kan gashinta. Can sai ta ce:

"Anti, Kano da nisa ne sosai?"

Na dubi Gwadabe. Ya gyaɗa kai.

"Ummi, Mama ba ta je Kano ba. Mama ta rasu. Ranar da gwaggo ta ɗauke ki daga makaranta, ranar ta faɗi, ta mutu, aka binne ta. Ba za ta dawo ba. Ba tafiya ta yi ta bar ki ba, ba ta taɓa son rabuwa da ke ba."

Na ji wuyanta ya sandare a hannuna. Ba ta juyo ba. Gwadabe ya ce, "Gaskiya ne, Ummi. Ƙarya na yi miki. Ki yafe mini."

"Kowa ya sani?" ta ce.

Na ce e.

"Har Inna? Har malamarmu?"

Na ce e, har su.

Sai kukan ya zo, irin wanda ban taɓa ji daga bakin yaro ba. Ta yi ta dukan gwiwata da hannu. Ban saki kanta ba, ban ce ta yi shiru ba, abin da na gani ke nan ana yi. Labule ya ɗaga, Inna ta fito. Ta buɗe baki ta fara cewa kada ki yi mata kuka, addu'a, sai ta tsaya a nan. Ta lallaɓa da ciwon gwiwarta ta zauna a kan tabarmar, ta ɗauki ƙafafun yarinyar ta ɗora a cinyarta, ita ma ta fashe.

Sai da rana ta yi sosai Ummi ta bari na fara tsifa. Wani wurin ya haɗe, dole muka sa almakashi. Da na zo layi na ƙarshe, wanda ke bayan kunnenta na hagu, ta riƙe hannuna ta ce a bar wannan. Na bar shi. Da la'asar babanta ya kai ta makabarta. Ba su shiga ba, a bakin katanga ya tsaya ya ɗaga ta a kafaɗa, ya nuna mata wurin da hannu.

Da ma in ce daga nan komai ya daidaita. Ummi ta daina zaman ƙofar gida, ta daina raba masa, ba ta sake nufar tasha ba. Amma ba ta yi wa babanta magana sai dole. Ta koma fitsarin kwance. Malamarsu ta ce tana zama a aji kamar ba ta nan. Wani lokaci tana cikin wasa sai ta tsaya ta tambayi Inna ko ita ma tana da hawan jini. Ban san ko haka ake yi kafin a warke ba, ko kuwa alamar wani abu ne da ya fi ƙarfinmu. Wadda za ta iya gaya mini tana bayan katangar makabartar nan.

Ni da Gwadabe mun kai ta asibiti, mun yanki kati, mun bi layi. An ba mu rana bayan babbar sallah. An ce kafin nan mu sa ido a kanta. Da na ji kalmar nan sai na tuna Ifechi.

Har yanzu mata suna zuwa gindin mangwaro ranar Asabar da yara a hannu, waɗanda labari bai kai musu ba. Mai sayar da lemo a wurin shi ke gaya musu. Wasu sun biyo ni har wurin tirena suna tambaya ko zan karɓi aikin. Ni ban iya kitso ba, kalaba ma a karkace take fita a hannuna. Yarinya ɗaya nake iya riƙewa, ita ma ban san ko ina riƙe ta daidai ba.

Kowace Asabar nakan rufe tire da wuri in tafi Dutse Uku. Ummi ta ɗauko kujerar da kanta, ta zauna ta juya mini baya, in yi mata abin da na iya, in kewaye layin uwarta in shafa masa mai. Ya fara sakewa, gashi sabo yana tura shi daga ƙasa, ba zai daɗe ba. Wannan Asabar da ta wuce, da na tashi tafiya na ce mata sai mako mai zuwa, ta bi ni har ƙofa ta kama bakin zanena.

"Anti, da gaske ne, ko irin na Kano?"

Na tsuguna na ce mata da gaske ne, in Allah ya bar ni da rai. Na ce idan kuma wani abu ya same ni, na riga na gaya wa Klaudiya ta zo da kanta ta faɗa mata a ranar, ba za a ɓoye mata ba. Ta dube ni, ta daɗe tana duba, sannan ta saki zanen.